Jagora: Yadda Ake Gwada Rawar Iska a Kai-Komon Zafin Tekunan Ikwaita Cikin Samfurin Kwamfuta

Daga birnin Katsina zuwa gaɓar teku mafi kusa tafiya ce ta fiye da kilomita 800, amma babban kaso na danshin da ke shayar da gero da dawa a Daura, Mashi da Dutsin-Ma, iskar damina ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika. Shekarun da dattawa ke ambata in ana zancen fari, wato 1972 zuwa 1973 da 1983 zuwa 1984, sun faɗo ne a lokacin da zafin tekunan da ke kan layin ikwaita ya kauce wa yadda aka saba: El Nino, wato ɗumamar gabashin Fasifik fiye da yadda aka saba, a 1972 da 1982, sai ɗumamar gabashin Atlantika a 1984. Shi ya sa hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, da taron hasashen da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke jagoranta, duk sukan duba halin da teku ke ciki kafin su ce komai.

An rubuta wannan jagora ne domin ɗalibi ko malami ko ma'aikacin hasashe da ke zaune a Katsina ko Daura, wanda ba shi da katafariyar kwamfuta, sai ta cinya da ɗan kuɗin sayen data. Tambayar guda ɗaya ce: in zafin teku yana hawa yana sauka duk bayan 'yan shekaru a cikin samfurin kwamfuta, wato lissafin da ke kwaikwayon yanayi, da ya haɗa iska da teku, nawa ne aikin tekun kansa, nawa ne na iskar da ke tura shi? Hanyar amsa ta ita ce a riƙa cire abu ɗaya, a duba abin da ya rage.

Abin da za ka riƙe a kai kafin ka kunna kwamfuta

Ka ɗauki guga da ke rataye cikin rijiya. Tsawon igiya ne ke yanke lokacin da zai ɗauka ya je ya dawo, amma in babu hannun da ke girgiza igiyar, zai tsaya cik. Tekun shi ne igiya da guga, iska ita ce hannun.

A shekarar da komai ke daidai, iskar gabas na tura ruwan ɗumi ya taru a yammacin Fasifik, wajen Indonesiya. A can iyakar ɗumi, wato zurfin da ruwan ɗumi ke ƙarewa na sanyi ya fara, takan kai mita 150 ko fiye, alhali a gabas wajen Ekwado da Feru ba ta cika wuce mita 50 ba. Masu bincike kan ɗauki zurfin da ruwa ke da digiri 20 a matsayin wannan iyaka. Da iskar gabas ta yi rauni, sai ruwan ɗumin ya gangaro ta ƙarƙashi a matsayin igiyar Kelbin, mai gudun mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, ta ratsa Fasifik cikin wata biyu zuwa uku. Iyakar ɗumi ta nutse a gabas, ruwan da ke tasowa daga ƙasa ya daina sanyaya fuskar teku, gabas ta ɗumama, bambancin zafin gabas da yamma ya ragu, iskar gabas ta ƙara rauni. Wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne Jacob Bjerknes ya bayyana a 1969. Abin da ke juya al'amarin kuwa, a lokacin El Nino ruwan ɗumi na zurarewa daga ikwaita zuwa arewa da kudu, har rumbun zafin ya ƙare, iyakar ɗumi ta taso sama, a faɗa La Nina, wato sanyin gabashin Fasifik, sannan rumbun ya sake cika a hankali. Fei-Fei Jin ne ya mayar da wannan cika da zubarwa lissafi a 1997. Zagayen yakan ɗauki shekara 2 zuwa 7.

Iskar da ke kan teku iri biyu ce, kuma duk aikin ya rataya ne a kan raba su. Akwai iskar amsa, wadda zafin tekun ne ya haife ta. Akwai iskar ba-zata, ta hadari da guguwa da sauyin yau da gobe, wadda za ta busa ko teku ya ɗumama ko bai ɗumama ba. Klaus Hasselmann ya nuna tun 1976 cewa teku na tara irin wannan turi na ba-zata ya mayar da shi sauyi mai tsawon watanni da shekaru, aikin da ke cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2021. Shekarar 2014 misali ce da kowane mai hasashe ya sani: a farkonta iskar yamma ta buga da ƙarfi a yammacin Fasifik, aka yi ta tsammanin babban El Nino, sai iskar gabas ta taso a tsakiyar shekara ta kashe shi. Zafin bai zube ba, ya jira har 2015 ya fito da ƙarfinsa.

Mataki na 1: Tara bayanai ba tare da ƙone data ba

Kana bukatar abu huɗu. Zafin fuskar teku daga HadISST, mai tazarar digiri 1 tun daga 1870, ko ERSST. Turin iska a kan ruwa da musayar zafi daga ERA5 na cibiyar ECMWF. Zafin cikin teku daga ORAS5 ko GODAS, domin fitar da zurfin digiri 20. Sai ruwan sama daga CHIRPS, wanda ya fara daga 1981. Kayan aiki Python da xarray da CDO sun isa.

Ma'auni ɗaya na ERA5 na duk duniya, wata-wata na shekara 45, ya haura gigabait 2. In ka yanke daga digiri 30 kudu zuwa 30 arewa, ka mayar da tazarar digiri 1, zai koma ƙasa da megabait 50. Ka yanke yankin tun wajen nema, kuma ka sauke shekara goma-goma, domin in wuta ta ɗauke ko netwok ya yanke ba sai ka faro daga farko ba.

Tarkuna uku ne a nan. Na farko, turin iska na ERA5 a teburin wata-wata, in ka ɗauki nau'in da aka tara, jimillar kwana guda ce, sai ka raba da 86,400, adadin daƙiƙun kwana, kafin ya zama nuton a kan murabba'in mita. In ka ga lamba ta dubbai, ba ka raba ba. Abin da ya kamata ka gani a tsakiyar Fasifik shi ne kusan 0.05. Na biyu, alama: a ERA5 zafin da ya shiga teku shi ne mai alamar ƙari, amma a CMIP, tarin sakamakon manyan samfuran duniya, a ma'aunan musayar zafi na hfls da hfss zafin da ya fita ne ke da ƙari. Mutum kan kwana yana murnar ya gano sabon abu, ashe alama ce ta juye. Na uku, kada ka lissafa turin iska daga matsakaicin iskar wata. Ƙa'idar ita ce nauyin iska 1.2, sau ma'aunin ja kimanin 0.0013, sau gudun iska sau kansa. Iskar da ta yi rabin wata tana mita 8, rabi tana mita 2, matsakaicinta 5 ne, wanda ke ba da 25, alhali ainihin matsakaicin 64 da 4 shi ne 34. Ka zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan.

Mataki na 2: Raba iskar amsa da ta ba-zata

Ka cire matsakaicin kowane wata na shekarun 1991 zuwa 2020 daga kowane ma'auni, sannan ka cire hawan ɗumamar duniya da miƙaƙƙen layi. Ka fitar da ma'aunin Nino3.4, wato matsakaicin kaucewar zafi daga digiri 5 kudu zuwa 5 arewa, da 170 zuwa 120 yamma. Ka lura ko fayil ɗinka na ƙirga tsayin duniya daga 0 zuwa 360 ne, domin a nan yankin zai zama 190 zuwa 240.

A kowane gurbi na taswira, ka zana layin dangantaka tsakanin turin iska na gabas da yamma da wannan ma'auni. Gangaren layin shi ne ƙarfin iskar amsa. A yankin Nino4, daga 160 gabas zuwa 150 yamma, za ka samu kusan nuton 0.01 a murabba'in mita ga kowane digiri ɗaya. Ka ninka gangaren da ma'aunin kowane wata, ka cire daga ainihin turin. Ragowar ita ce ƙiyasin farko na iskar ba-zata. Don tabbatarwa, ka duba dangantakar ragowar yammacin Fasifik da Nino3.4 na watanni biyu zuwa shida masu zuwa. Ya kamata iskar ta riga zafin. In dangantakar ta fi ƙarfi da zafin wannan watan ko na watannin baya, rabon bai yi tsabta ba, sai ka ƙara manyan siffofin sauyin zafi uku zuwa biyar a lissafin maimakon ma'auni ɗaya tilo.

Ko an yi haka, rabon ba ya cika ɗari bisa ɗari. Bugun iskar yamma, wanda kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, ya fi yawaita in ruwan da ya kai digiri 28 zuwa 29 ya miƙe gabas. Ke nan tekun na da hannu a yawan ba-zatar da ke tura shi. Za a dawo kan wannan a mataki na 4.

Mataki na 3: Kwantaccen teku

A nan za ka ɗauki teku kamar kududdufi: ruwa mai zurfin mita 50, ba igiya, ba gudana, sai ɗaukar zafi da fitarwa. Nauyin ruwan teku 1025, sau ɗaukar zafinsa 4000, sau 50, ya ba da jul miliyan 205 a murabba'in mita ga kowane digiri. Ka sa teku ya riƙa mayar wa sama wat 20 ga kowane digirin da ya ƙaru. Raba na farko da na biyu, za ka samu daƙiƙa miliyan 10 da 'yan kai, kusan wata huɗu. Wannan shi ne tsawon tunawar kududdufin.

Ka tura shi da zafin ba-zata na kowace rana mai matsakaicin kaucewa wat 50, na shekara 500. Zafin zai yi ta yawo da kaucewar kusan digiri 0.16, yana daɗewa watanni a sama ko a ƙasa, amma ba shi da lokacin dawowa. Ka rage zurfin zuwa mita 25, kaucewar ta haura 0.2, tunawar ta koma wata biyu. Duk wani sauyin da ka gani a babban samfuri wanda bai fi wannan ba, ba ka da hujjar kiransa zagaye. A manyan samfuran da aka haɗa cikakkiyar iska da irin wannan teku, ana samun siffofi masu kama da na gaske, musamman ta hanyar iska da turiri: iska ta lafa, turiri ya ragu, ruwa ya ɗumama, ɗumin ya ƙara kwantar da iskar. Abin da ba a samu shi ne fifikon shekara 2 zuwa 7.

Mataki na 4: Samfurin layi biyu

Nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka, domin duk abin da za ka je nema a babban samfuri yana nan a ƙanƙance. Abu biyu ke sauyawa: T, kaucewar zafin gabashin Fasifik, da h, cikar rumbun zafi, wanda aka daidaita ma'auninsa ya zo ɗaya da na T.

T sabo = T + dt × (R × T + w × h) + s × √dt × z

h sabo = h − dt × w × T

Ka sa w ya zama 0.131 a wata, wato zagayen wata 48. R ya zama −0.08 a wata, shi ne ragowar cuɗe-ni-in-cuɗe-kan Bjerknes bayan an cire duk abin da ke dusashe shi. Ka sa s ya zama 0.32, ƙarfin iskar ba-zata. Shi kuma z lambar ƙuri'a ce sabuwa a kowane taku, mai matsakaici 0 da kaucewa 1. Takun lokaci dt ya zama 0.1 na wata, kwana uku ke nan. Shekara 1000 taku 120,000 ne, kwamfutar cinya za ta gama kafin shayi ya huce. Ka zubar da shekara 20 na farko.

In ka rubuta daidai, ga abin da za ka gani. Matsakaicin kaucewar T kusan digiri 0.8. Zagayen da ya fi ƙarfi kusan wata 50. Kuma h zai riga T da kimanin wata 10, da dangantakar kusan 0.67. In kaucewar ta fito 0.25, ka ninka z da dt ne maimakon tushensa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. In ta haura 0.8 sosai, duba dt: wannan salon lissafi na ƙara wa zagaye ƙarfin bogi, wanda a takun wata guda yakan cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na dusashewar, a takun 0.1 kuwa kashi 2 cikin ɗari kacal. Haka kuma layi na biyu da tsohon T ake lissafa shi, don haka ka ajiye shi kafin ka sabunta.

Gwajin farko, ka kashe iska: s ya zama 0, T ya fara daga digiri 2. Zai sauka ya koma La Nina, ya dawo bayan wata 50 da kusan 0.27 kawai, daga nan ya mutu. Gugan da aka saki ke nan.

Gwaji na biyu, ka bar s a 0, ka mayar da R zuwa +0.02, ka ƙara −0.02 × T × T × T a cikin baka domin kada ya fashe. Yanzu zai yi ta kai-komo da kansa da girman kusan digiri 1.15, kowane zagaye sak ɗan'uwansa. Samfurin Zebiak da Cane, wanda ya yi hasashen El Nino na 1986 zuwa 1987, na ɓangaren masu ɗaukar kansu ne. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wanne ne ya fi kusa da gaskiya. A ganinmu, rashin tsarin da ke cikin tarihin El Nino ya fi dacewa da tsarin da ke dusashewa a hankali, kusa da iyaka, iska na farfaɗo da shi. Sai dai bayanan shekara 150 ba su isa rufe bakin kowa ba.

Gwaji na uku shi ne mafi amfani. Ka koma lambobin asali, ka ajiye jerin z, ka tace shi gida biyu: sauyin da bai kai wata uku ba, da wanda ya wuce. Ka tura samfurin da kowanne daban. Mai saurin, duk da shi ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin turin, kusan ba ya motsa T. Mai jinkirin ne ke fitar da kusan dukkan zagayen. Ma'anarsa, bugun iska ɗaya da na kishiyarsa ya biyo baya sun kashe juna. Abin da teku ke ji shi ne bugu uku ko huɗu a jere ta fuska ɗaya cikin 'yan watanni, kamar yadda aka gani a farkon 1997.

Gwaji na huɗu, ka sa R ya bi shekara: −0.08 da ƙarin 0.15 da ke kaiwa ƙololuwa a Satumba, ya kai ƙasa a Maris. Manyan kaucewa za su taru tsakanin Nuwamba da Janairu, kuma dangantakar T da na watanni masu zuwa za ta faɗi warwas in ta ratsa Afrilu da Mayu. Wannan shingen ne ke addabar mu a nan, domin hasashen da manomi ke bukata kafin shuka dole ya tsallake waɗannan watanni.

Gwaji na biyar, ka ninka s da 1 + 0.3 × T a duk lokacin da T ya haura sifili. El Nino zai riƙa fin La Nina tsanani, jefi-jefi a samu ƙato irin na 1982, 1997 da 2015.

Kafin ka tashi, ka yanka shekara 1000 ɗin gunduwa-gunduwa na shekara 30, ka auna kaucewar kowanne. Za ka ga daga kusan 0.6 zuwa 1.0, alhali ba ka taɓa lamba ko ɗaya ba. An ga irin haka a gudun shekara 2000 na samfurin GFDL na Amurka. Saboda haka duk wanda ya kwatanta shekara 30 da wasu 30 ya ce El Nino ya canza hali, sai ya fara nuna cewa bambancin ya wuce wannan.

Mataki na 5: Manyan samfura

Ba sai ka gudanar da su da kanka ba. Sakamakon CMIP6 na nan kyauta a rumbun ESGF. Ka nemi gwajin piControl, wanda ba a sauya iskar gas ko aman wuta a cikinsa, yawanci shekara 500 ko fiye. Ma'aunan su ne tos (zafin fuskar teku), tauu (turin iska), hfds (zafin da ke shiga teku), zos (tsayin fuskar teku) da pr (ruwan sama). Ka guji thetao, zafin cikin teku, in data ta yi ƙaranci, domin tsayin fuskar teku, zos, na bin iyakar ɗumi sosai a ikwaita. Ka kula da kalanda: samfurin CESM na Amurka ba ya da 29 ga Fabrairu, samfuran Ingila kuma kwana 360 ne shekararsu.

Ga kowane samfuri ka maimaita mataki na 2, ka fitar da lamba biyu: ƙarfin iskar amsa, da wat nawa teku ke asara a yankin Nino3 na gabashin Fasifik ga kowane digiri, wanda a zahiri ya kusa 20. Samfura da yawa na da rauni a duka biyun, raunin ɗaya na rufe na ɗayan, sai girman El Nino ya fito daidai bisa dalilin da ba daidai ba. Tushen matsalar yawanci harshen ruwan sanyi na ikwaita a gabashin Fasifik ne da ya yi sanyi fiye da kima ya kuma miƙe yamma, ya ture hadari can gefe. Don haka kada girman kaucewa kaɗai ya sa ka yarda da samfuri.

In ka samu damar babbar kwamfuta, ko ka ɗauki ƙaramin samfurin SPEEDY na cibiyar ICTP da ke Italiya, wanda kwamfutar tebur ke iya ɗauka, ga gwaje-gwajen da ke raba gardama. A ba teku turin iska na al'ada, a bar musayar zafi ta ci gaba, a ga abin da ya rage na El Nino. A zuba ragowar iskar da ka fitar a mataki na 2 a yammacin Fasifik kaɗai. Ko a ɗaure zafin gabashin Fasifik ya bi na zahiri, a bar sauran duniya ta amsa. Ɗaurin kwana 10 a ruwa mai zurfin mita 50 daidai yake da kusan wat 240 ga kowane digiri.

Abin da ke lalacewa: in ka ba teku sumul ɗin turin wata-wata, ka cire masa guguwar da ke gauraya ruwansa, sai saman ya yi siriri ya ɗumama, ka ɗauka sakamakon gwaji ne alhali ka canza yanayin asali ne. Ka yi amfani da turin rana-rana. Kaucewa ake ɗaurewa, a ɗora ta a kan al'adar samfurin kansa, in ba haka ba samfurin zai yi ta faɗa da abin da ka cusa masa. Gefen yankin da aka ɗaure a sassauta shi a hankali cikin kamar digiri 5, domin kaifin gefe na haifar da iskar bogi. Kuma gudu ɗaya ba shaida ba ne. Ana sake shi sau 10 zuwa sama, kowanne da ɗan bambancin da bai kai ƙwayar zarra ba a zafin iskar ranar farko. Babban ayarin CESM ya yi gudu 40 a haka.

Mataki na 6: Atlantika da damanar Katsina

Atlantika na da nasa ɗan Nino, ana auna shi a yankin ATL3, daga digiri 3 kudu zuwa 3 arewa, 20 yamma zuwa 0. Tekun ƙunci gare shi, igiyar Kelbin na ratsa shi cikin kusan wata guda, rumbun zafinsa ƙarami ne, dusashewarsa da sauri. Abin yakan kai ƙololuwa daga Yuni zuwa Agusta, ya ɓace cikin 'yan watanni, kuma raunin iskar gabas a yammacin tekun a Afrilu da Mayu ne ke share masa hanya. Rabon iska a nan ya fi na Fasifik girma, shi ya sa hasashensa ya fi wuya. Jerin na'urorin PIRATA da ke kan tekun tun 1997 su ne abin gwada bayananka.

Kafin ka yarda da kowane samfuri a nan, ka zana zafin ikwaita daga Barazil zuwa Gabon a watan Yuli. A zahiri gabas ta fi sanyi. A samfura da yawa bambancin ya yi rauni ko ma ya juye, kuma gaɓar Angola da Namibiya ta fi gaskiya zafi da digiri da dama. Samfurin da ya kasa wannan, ka ajiye shi gefe.

Sai ka tara ruwan CHIRPS na Yuli zuwa Satumba a tsakanin digiri 12 da 13.5 arewa, 7 da 9 gabas, wanda ya ƙunshi Katsina da Daura. Ka cire hawan layi tukuna, domin damina ta farfaɗo tun bayan shekarun 1980, kuma duk abin da ke ɗumama zai nuna dangantakar bogi da ita. Da shekara 44, dangantakar da ba ta kai 0.3 ba ba abin dogaro ba ce, kuma ko ta kai 0.4, kashi 16 cikin ɗari kawai ta bayyana. Abin da ake sa rai: El Nino mai tasowa na rage ruwa, domin yana ɗumama saman sararin yankin zafi ya hana hadari tashi, ɗumin mashigin Gini kuma na riƙe ruwan a kudu. Amma kada ka auna su ɗaya-ɗaya ka tsaya. Tun daga shekarun 1970, ɗumin Atlantika a damina kan zo tare da sanyin Fasifik, ɗaya na rage mana ruwa ɗaya na ƙarawa, sai tasirin ya ɓuya. Ka sa su tare a lissafi guda, ka ƙara na uku: bambancin zafin arewacin Atlantika da matsakaicin tekunan yankin zafi.

Ka gwada sakamakon da shekarun da aka sani. A 1988, shekarar La Nina, ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano. A 1997 an yi ƙarancin ruwa. A 2015 kuwa, duk da ƙaton El Nino, damina ta makara ne sannan ta gyaru a yawancin Sahel. In lissafinka ya ci dukkansu daidai, ka zargi kanka da cusa ma'aunai fiye da kima, ka cire shekara ɗaya-ɗaya kana hasashenta da sauran.

Wajen kwatanta da samfuri, gurbi ɗaya mai faɗin kilomita 200 na iya haɗe Katsina, Daura da Maraɗi wuri guda, don haka milimita ba za su zo ɗaya da na ma'aunin ruwan tashar jirgi ba. Ka jera shekarun samfurin gida uku, masu ƙarancin ruwa, matsakaita da masu yawa, ka ƙirga sau nawa shekarar El Nino ke faɗawa gidan farko cikin shekara 500 na piControl. In babu wata alaƙa, zai zama sau ɗaya cikin uku. Ranar saukar ruwan shuka da tsawon fari a tsakiyar damina kuwa ba za su fito daga bayanan wata-wata ba, sai ka koma ESGF ka sauke pr na rana-rana na wannan gurbi kaɗai.